Sa Hannun da Sauda Ta Hana

Sauda tana cikin takaba, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta a Gude, sai ga sallamar Maman Diana. Zuwanta na biyu ke nan tun rasuwar Maikuɗi, mijin Sauda, kuma daga Gwarzo zuwa Gude ba ƙofar gida ba ce ga mace mai ciwon gwiwa. Ainihin sunanta Joan, mutuniyar Pankshin, matar marigayi Malam Gregory wanda ya tsufa yana koyar da lissafi a sakandare a Gwarzo. Ta zo da ƙullin acca da ɗan dankalin Turawa a buhu, ta ajiye a gefe kamar ba ita ta kawo ba.

"Sannu, Maman Badi'a. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Maman Diana. Kin sha hanya. Ya gida, ya gwiwar?"

"Gwiwa tana nan tana mulkinta. In ta ce a zauna, a zauna."

Kowa Maman Badi'a yake ce wa Sauda, alhali Badi'a ce ƙarama. Babban shi ne Zainulabidin, to amma shi ɗan fari ne, Sauda kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta zama su yi hira, ba ta kallonsa ido cikin ido. In tana da saƙo sai ta ba Badi'a, ko da yana tsaye a tsakar gidan.

Joan ta sha ruwa, aka taɓa zancen damina, aka taɓa zancen jikoki. Amma Sauda ta lura baƙuwar tana ta murza bakin gyalenta. Sai da ta miƙe, ta zura ƙafa ɗaya a takalmi, sannan ta ce, "Af, na ga Zainu a makon nan."

"Gaisuwa ya je?"

"Ya gaishe ni, har ƙasa. Yaro mai ladabi. Sai dai tare yake da wani mutum mai igiyar awo. Sun auna gaban gida, daga bakin titi har gindin gwaiba." Ta zura ɗaya ƙafar. "Ba ƙara na kawo ba fa. Na ce ko kin sani."

Sauda ba ta sani ba. Amma tun kafin Joan ta kai soro, zuciyar Sauda ta riga ta gaya mata daga inda wannan igiya ta fito.

Filin da gidan Joan yake kai asalinsa na Maikuɗi ne. Ya same shi a awon gwamnati, lokacin da yake harkar gyaɗa a Gwarzo, fili mai satifiket da sunansa a jiki. Da ya tashi komawa Gude noma, sai ya sayar wa Malam Gregory. An yi ciniki yadda ake yi, a gaban mai unguwa da dattawa, aka sallama, aka raba goro, kowa ya shafa addu'a irin tasa. Maikuɗi ya ɗauko satifiket ya damƙa masa hannu da hannu. Malam Gregory ya yi gini, ya haƙa rijiya, ya dasa gwaiba.

To shi Malam Gregory mutum ne mai bin abu daki-daki. Bayan an kwana biyu ya zo har Gude a kan babur, ya ce wa Maikuɗi, "Alhaji, akwai saura. Takarda tana hannuna amma sunanka ne a jiki. Doka ta ce irin wannan fili ba ya tashi daga hannu zuwa hannu sai gwamna ya amince. Mu sa rana mu je Kano, ma'aikatar ƙasa, ka sa hannu na sa, su kai sama."

Maikuɗi ya yi dariya ya ce gwamna yana da aikin yi. Malam Gregory ya sake zuwa, ya kuma sake zuwa. A zuwan ƙarshe Maikuɗi bai yi dariya ba. Ya shigo gida ya ture kwanon tuwo, ya ce wa Sauda, "Ni wannan bawan Allah ya maida maƙaryaci? Na sallama a gaban mai unguwa, an ci goro, sannan sai na je na rantse wa wani yaro mai biro a Kano? Ubana ya sayar da gonaki, ya sayi gonaki, da baki kawai. Wa ya taɓa jin an tashi wani?"

Sauda ba ta son ganin ran mijinta a ɓace, kuma tana son Joan, don tun suna maƙwabta a Gwarzo suke miƙa wa juna kwano ta katanga. Saboda haka ranar kasuwar Gwarzo ta ci ado ta je. Ta tarar da Joan tana tsince shinkafa. Ta zauna ta sa hannu a tiren, ta yi maganar a hankali, irin ta mai gyara.

"Maman Diana, ki ja kunnen Malam. Maganar Kanon nan tana yi wa Alhaji zafi. Mu nan in mutum ya ba ka bakinsa, ka ce sai ya ƙara da hannu, zagi ne. Ku baƙinmu ne, kun zama 'yan gida. Muddin muna raye, wa zai taɓa ku?"

Joan ta ce, "To. Ba ma son ɓacin rai da kowa." Mutanen da suka zo garin wasu neman abinci, abin da suka fi tsoro ke nan, a ce sun raina masu gari. Daga ranar Malam Gregory bai sake ɗaga zancen ba. Da Sallah ya aiko da kaza, da Kirsimeti Sauda ta aika da waina. Ta daɗe tana jin daɗin kanta, wai ta kashe wuta tun ba ta kama ba.

Yanzu ga shi mai unguwar ya rasu, Malam Gregory ya rasu, Maikuɗi ya bi su. Sauran ita, a kan tabarma.

Washegari da hantsi Zainu ya biyo gaisuwa kafin ya wuce shagonsa na taki da maganin feshi a Kabo. Ya durƙusa daga nesa kamar kullum. Sauda ta juyar da fuska wajen turmi, ta ce, "Badi'a, tambayi yaron nan abin da ya kai shi Gwarzo da igiya."

Badi'a tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "Yaya, ka ji."

"Na ji. Ki gaya wa Inna ba wanda zai kori kowa."

"Inna, wai ba wanda zai kori kowa."

"Ina da kunne. Ce masa igiyar nake tambaya."

Zainu ya gyara zama. "Ki gaya mata na je Kano na tambayi lauya. Duk filin da yake da satifiket, in an sayar ba da amincewar gwamna ba, a idon doka kamar ba a sayar ba. Ba ni na yi dokar ba, ta girme ni. Har gobe a ma'aikata sunan Baba ne, kuma abin da yake da sunan Baba, gado ne."

"Kai, Yaya, ka ji tsoron Allah!" in ji Badi'a, ta ajiye rariya. "Mutumin da ya koya maka lissafi, ka ci tuwon gidansa har ka gama makaranta?"

"Shi ya sa na ce ba zan tashe ta ba, sarkin baki. Shaguna kawai zan zuba a gaba, wurin ya zama bakin titi yanzu. Mama ta zauna iya ranta. 'Ya'yanta kuwa, Diana tana Jos, Israel yana Abuja, me za su yi da gida a Gwarzo? Muddin ina raye ba mai taɓa ta."

Sauda ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ba ta taɓa faɗa masa waccan magana ba, yana yaro lokacin, amma ga ta ta fito daga bakinsa da irin muryar da ita ta faɗe ta, muryar mai yin alheri. Ta ce da Badi'a, "Ce masa ya tafi, rana tana yi."

Bayan ya fita Badi'a ta matso. "Inna, magana ɗaya za ki yi. Ki aika masa cewa in ya taɓa gidan nan ba ki yafe nononki ba. Wallahi ko igiyar ba zai sake kallo ba."

Sauda ta san haka ne. Amma duk lokacin da ta ɗauko maganar a zuciya, sai ta ga kanta zaune da hannu cikin tiren shinkafar Joan. Ita ta bar ƙofar nan a buɗe da hannunta, ta yi ado ma ta je ta buɗe ta. Yaya za ta ɗora wa yaro baki don ya ga ƙofa ya shiga? In akwai wanda ya kamata abin ya ci, ba shi ba ne. Ta ce, "Ba na yi wa ɗa baki." Badi'a ta yi tsaki ƙasa-ƙasa ta koma kan garinta.

Kwanakin da suka biyo baya Sauda ba ta jin daɗin komai. An dafa accar da Joan ta kawo, ta yi cokali ɗaya ta ture kwanon. Ga takaba ta ɗaure ta, ba halin ta je Gwarzo. Da ma ta je, me za ta ce?

Da aka yi girbi, dangi suka sa ranar rabon gado. Aka ɗauko Malam Ja'afaru daga Kabo, dattijo mai sanyin magana wanda ya saba wannan aiki. Maza suka cika soro, Sauda da Badi'a suka zauna daga ciki, bayan ƙyaure, inda ake jin komai. Aka lissafa gida, da gonar tudu, da shanun huɗa, da gonar fadama ta bakin rafi. Wannan fadama ita ce idon dukiyar. Ana noma ta damina da rani, kuma tun Maikuɗi yana da rai yake cewa in ya riga Sauda, a duba mata tumuninta a can, wato kason da mace take samu a dukiyar mijinta, don ko tana zaune a ɗaki albasa da tumatir za su riƙe ta. Malam Ja'afaru ya duba, ya ce tumunin ya yi daidai da ɓangaren da yake bakin ruwa. Kowa ya ce madalla. Ban da Zainu, wanda duk Gude an san ya daɗe yana mafarkin kafa injin ban ruwa a wurin.

Sai ya ce, "Malam, saura filin Gwarzo."

"Wane fili?"

Ya yi bayani, da lauya da doka da gwamna. Malam Ja'afaru ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Mahaifinka ya sayar, ko bai sayar ba?"

"Ya sayar, amma..."

"Ya karɓi haƙƙinsa?"

"Ya karɓa."

"To ni ba na raba abin da mamaci ya sayar. Ba ya cikin gado."

"Shi ke nan, Malam, kada a raba. Amma ba zai tashi daga sunan Baba ba sai magada sun je Kano sun sa hannu a madadinsa. Ni kuwa ba inda za ni."

Wani kawunsu ya ce, "Kai Zainu, kai Zainu." Wani ya ce a bar maganar zuwa wani lokaci. Malam Ja'afaru ya ce shi dai ya faɗi abin da ya sani, amma ba shi da igiyar da zai ɗaure hannun mutum ya kai shi kan takarda. Aka fara gyaran murya irin na masu shirin tashi. Sauda ta san wannan gyaran murya. In aka tashi yau, an tashi ke nan, sai dai wata rana Diana ta zo daga Jos ta tarar da gidan ubanta a bayan shagunan wani.

Ta dafa ƙyaure ta ce, "Zainulabidin."

Sunan ya fito a bakinta wani iri, kamar ba na gidan ba. Badi'a ta rufe baki da hannu biyu. Daga can aka ji muryar Zainu ta yi ƙasa, kamar ta ƙaramin yaro. "Na'am, Inna."

"Fadamar nan ta bakin ruwa, na bar maka. Halak malak, Malam shaida ne. Ranar da na fita takaba za ka ɗauke ni da ƙanwarka da Maman Diana mu je Kano, ka sa hannunka inda aka nuna maka. Ka yarda?"

Malam Ja'afaru ya ce, "Hajiya, ki yi tunani. Ba sai kin sayi abin da yake wajibi a kansa ba. Da me za ki riƙe kanki?"

Nan ne wurin da ya kamata ta faɗa. Maganar ta zo mata har baki, cewa Malam Gregory ya nemi a yi wannan tafiya tun ana iya yinta cikin sauƙi, ita ce ta je ta toshe bakin matarsa. Amma soro cike yake da ƙannen mijinta, kuma faɗar hakan tonon Maikuɗi ne, mutumin da ƙasarsa ba ta gama bushewa ba. Ko kuwa dai kanta take karewa? Ita ma ba ta tantance ba. Ta ce, "Na gaji da rigimar 'yan ƙwadagon gonar ne, Malam."

A ranta tana jiran abu ɗaya. Tana jiran yaron ya ce, haba Inna, riƙe gonarki, zan je. An ji yana jan hanci, an ce ma ya cire hula ya share ido da ita. Sannan ya ce, "To, Inna. Na yarda."

Sai ta ga ashe ba ta da bakin jin haushi. Ita ta yi tayi.

Da ta fita takaba aka fara zirga-zirga. Sai da aka je kotu aka karɓo takardar da ta nuna su wane ne magadan Maikuɗi, sannan aka nufi Kano. Ma'aikatar tana da matattakala, Joan ta hau ta tana dafe da kafaɗar Badi'a tana cewa, "Wayyo, gwamna, da ka san gwiwata da ka sauko ƙasa." Wani ma'aikaci mai tabarau ya duba satifiket, ya duba shekarar ciniki, ya ɗago ya dube su.

"Duk shekarun nan kuna ina, Hajiya?"

Zainu ya sa hannu, Badi'a ta sa, aka kama babban yatsan Sauda aka dangwala. Joan ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi. Ma'aikacin ya ce za a turo masu duba fili, sannan fayil ya hau sama a sa hannu.

"Yaushe zai sauko?" in ji Joan.

"Mama, ki dai riƙa leƙowa."

Zainu ya ce yana da sarin kaya a kasuwa, ya sa su a mota ya tsaya. Badi'a ta samu wuri a gaba, tsofaffin biyu suka matsu a baya, gwiwa da gwiwa. Mota ta kama hanya har aka wuce Rimin Gado. Sannan Joan ta ce, tana kallon gonakin da aka girbe, "Badi'a ta gaya mini zancen fadama."

"Bakinta ba ya riƙe ruwa."

"Ya kamata in ce ki karɓi abinki, a fasa. Na gwada faɗa a raina tun jiya. Ba zan iya ba, Maman Badi'a. Ina son gidana."

"Ban ce ki faɗa ba."

Mota ta faɗa rami, suka yi karo da kafaɗa, Joan ta yi wa direba addu'ar shiriya da ƙarfi har fasinjoji suka yi dariya. Da dariyar ta lafa sai ta ci gaba, murya ƙasa.

"Kin san da maigidana yana asibiti, a kwanakinsa na ƙarshe, ba ya zancen ciwon. Zancen takardar nan yake. Ya ce ya bar ni a gidan da ba nawa ba. Na ce to bari in je in sami Alhaji, yanzu ai zai ji tausayi. Ya riƙe hannuna ya ce a'a, mutanen kirki ne, kada ki ɓata musu rai."

Sauda ta ji da ma zaginta aka yi. Ta dubi yatsanta, shuɗin tawada ya shiga har ƙarƙashin farce, ta goga a zane bai fita ba. Kwandasta ya fara kiran masu sauka a Kabo. Ta tattara mayafinta, ta ga in ba yanzu ba, ba za ta sake samun bakin ba.

"Maman Diana, ranar nan da na zo kina tsince shinkafa..."

"Na tuna. Atamfa kore kika sa."

"Ki yafe ni."

Joan ta dube ta sosai. Ba fushi a fuskarta, har da ɗan murmushi, irin na wadda ta gaji.

"Bari takardar ta sauko tukuna," in ji ta. "Na taɓa yarda da baki."

Mota ta tsaya. Badi'a ta zagayo ta kama hannun uwarta ta sauko da ita. Joan ta leƙo ta taga ta ce a gaida gida, Sauda ta ce gida zai ji, a gaida su Diana in an yi waya. Suna nan tsaye a bakin titi motar ta ja zuwa Gwarzo. Badi'a ta tafi neman mai babur da zai kai su Gude, ita kuwa Sauda tana lissafin wace rana ya kamata su sake leƙa Kano, da kuma ko gwiwar Joan za ta ƙara ɗaukar matattakalar nan.